Jirgin Baba a Gindin Tsamiya

Kwana uku na yi a tabarmar makoki ina amsa gaisuwa, kuma a kwana ukun nan babu abin da kunnena bai ji ba. Mace za ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta." Mu ce amin. Da ta koma gefe sai a rage murya: "An ce a ruwan ya cika ko?" Wata ta amsa, "Ai dama mutanen ruwa ba sa kiran mutum su bar shi." Suna tsammanin kuka ya toshe mini kunne.

Wata maƙwabciyarmu da ta je Makka sau biyu ta dafa kafaɗata ta ce, "Mutumin kirki ne, wallahi. Sai dai tsufan ne bai zo masa da kyau ba." Na ɗago na dube ta na ce, "Hajiya, Allah ya sa naki tsufan ya kai rabin nasa kyau." Gwaggo, yayar Baba, ta mintsine ni a cinya har sai da wurin ya yi shaida. Ban janye maganar ba, kuma har yau ban janye ba.

Masunta ne kaɗai suka yi gaisuwar da ta shiga raina. Sun zo a ƙungiya da hantsi, ƙafafunsu duk laka, suka zauna can bakin tabarma don kada ƙarnin kifi ya dami mutane. Sarkin Ruwa, ƙaton dattijon da ban taɓa ganin ya russuna wa kowa ba, ya nemi a kira ni zaure. Bai iya haɗa addu'ar ba sai da ya share ido da hularsa. Ya ce, "'Yar Kafinta, ruwa ya hau taku biyu tun shekaranjiya. Mun sassauta igiyar. Kada ki damu da jirgin."

Ranar sadakar uku, bayan an watse, Yaya ya tara mu. Shi ne babba a gidanmu, ɗan farin Inna. Ya ce mai shayin tasha yana son katakon jirgin zai yi bencina, kuma da zarar Inna ta fita takaba za a jawo shi gaɓa a ɓalle shi, a huta da surutun mutane. Na ce, "Yaya, sai dai a ɓalle shi ina ciki." Ya ce ni mace ce, ban san abin da yake ji a majalisa ba. Na ce shi namiji ne, bai taɓa taka jirgin ba balle ya san abin da zai ɓalle.

Don haka nake wannan rubutu. Baba bai nutse ba. A ɗakin Inna ya cika, da safe, kansa a kan matashi, da kalmar shahada a bakinsa. Aljani bai kira shi ba, hankalinsa kuma bai taɓu ba. Wanda duk ya ce ya taɓu, ya zo ya faɗa a gabana.

Baba kafinta ne. Shekara arba'in ya yi a Kano yana ƙera bodin manyan motoci na katako, irin waɗanda ake loda wa gyaɗa da shanu zuwa kudu. Fensir ba ya barin bayan kunnensa, ko masallaci za shi. Bai taɓa zama a kan benci ba sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa ya saurara, ko a gidan surukai ne. In ya ji abin da bai yi masa ba sai ya girgiza kai ya ce, "Katako ba ya rufa asiri. Ka cuce shi a rumfa, ya tona ka a kan titi." Ni yake kira Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ni kaɗai ce a gidan nake iya yi masa musu ya yi dariya.

Gidan da aka haifi Baba yana ƙarƙashin ruwa. Mu nan tsakanin Makoda da Ɗanbatta kowa ya san haka, amma an daina faɗa. Da aka tare rafi aka yi dam, an tashi unguwarsu gaba ɗaya aka dawo da su kan tudu, inda muke yanzu. A lokacin Inna ba ta daɗe da haihuwar Yaya ba. An aika wa Baba Kano cewa ranar kwashe kaya ta zo, ya ce yana da bodi ɗaya da ya yi alkawarin gamawa, gobe yana tafe. Goben nan ta ɗauki kwana goma sha ɗaya. Inna ce ta kwashe gidan, da goyo a baya, da surukarta marar lafiya a kan jaki. Da Baba ya iso, ruwa ya riga ya shiga zaure.

Ba zan wanke shi a kan wannan ba, shi ma bai taɓa wanke kansa ba. Kaka ba ta yi shekara a sabon wurin ba ta rasu, kuma har ta rasu ba ta kira wurin gida ba, zango take ce masa. Abin da ta faɗa wa Baba ana saura kwanaki ta cika, Gwaggo ce ta ba ni labari: "Kowa ya yi sallama da gidan ubanka, kai kaɗai ne ba ka yi ba." Ya ce mata, "Zan koma, Iya." Mutanen da ke wurin suka ɗauka irin maganar da ake yi wa majinyaci ce.

Da hannunsa ya soma rawa, aka kuma koma yin bodi da ƙarfe, sai ya tattaro ya dawo. Sa'o'insa da suka dawo daga birni, wani shanun huɗa ya saya, wani shago ya buɗe. Baba kuwa sai ga mota ta sauke katakon maɗaci a ƙofar gida, lodi guda. Aka yi ta yi wa Inna barka, wai za a yi mata sabon rufi. Bayan sati biyu abin da ke kwance a ƙofar gidanmu bai yi kama da rufi ba ko kaɗan.

Wayyo, mun sha baki! A garin da in ka miƙa ƙafa sai ta shiga gonar wani, ga tsoho yana ƙera jirgi tsakanin geron maƙwabci da turken awaki. Masu wucewa kasuwa a babur su tsaya su ce, "Kafinta, an yi maka wahayin ɗufana ne? A ajiye mana wuri!" Shi kuwa ko a jikinsa. Sai ya cire fensir ya ja layi ya ce, "Wuri ya cika."

Kamar mota ya ƙera shi, don abin da hannunsa ya sani ke nan. Gindi shimfiɗaɗɗe, baya mai kusurwa, har da ɗan tsani irin wanda kwandasta ke hawa. A tsakiya ya yi ɗaki da rufin kwano, tsayinsa daidai mutum ya zauna ya yi salla. Abin da bai sani ba kuwa bai yi girman kai ba. Mutumin da ya yaye kafintoci ba adadi, sai ga shi tsugune a tashar masunta sati uku yana kallon yadda ake cusa auduga a tsakanin katako a bi da kwalta mai zafi. Ya dawo da ƙuna a yatsu yana murna kamar an ba shi sarauta.

Inji kam ya ce a kai kasuwa. "Na sha ƙara shekara arba'in, Uwata. Iska kyauta ce, kuma ba ta da hayaƙi." Ya kafa doguwar sandar itacen turare a gaban ɗakin, ya gwada ɗaura tamfol ɗin mota don iska ta tura shi, ya ga ya yi nauyi. Ni da Gwaggo muka farke buhunan taki muka wanke, muka ɗinke su shafi biyu a keken ɗinkina, allura biyar na karya. Randa ya zaunar da ita cikin tsohuwar taya don kada ta gangara. Kurfoti ya sa a cikin daro mai yashi saboda wuta. Ya ɗora 'yar sola a kan rufi don fitila da rediyo. Kowace kanta ya yi mata baki yadda kwano ba zai zame ba in jirgi ya karkata. A baya kuma, inda direbobi ke sa a rubuta musu take, ya ɗauki burushi da jan fenti ya rubuta da kansa: NA DAWO.

Gado biyu ya yi a ɗakin. Na biyun ya fi nasa faɗi, kuma a samansa akwai kanta mai hawa uku. Da na tambaye shi ta mece ce, sai ya ce in je in auno kwallayen Inna. Na auna a ɓoye da zare, suka zo daidai cif, ashe ya riga ya auna da ido.

Ranar da ya kira Inna ta fito ta gani, ina nan tsaye. Ta tsaya a bakin zaure, ba ta ƙara taku ɗaya ba.

Ya ce, "Ga gadonki, ga wurin jerenki."

Ta ce, "Malam, ni ban auri kifi ba."

"Gida za mu koma."

"Gida? Ranar da gidan yake neman namiji kana ina? Ni na ciro ƙofar ɗakina da hannuna, ni na ɗora uwarka a jaki, ruwa yana lasar mini ƙafa. Sai yanzu da ya zama na tarwaɗa za ka ce mini gida?"

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiyarki ce."

Ta ce, "Na san gaskiyata ce. Idona ba zai ƙara ganin ruwan nan ba." Ta juya ta shige. Shekarunta a kan tudun nan ko wanki ba ta taɓa kaiwa dam ba, rijiya take ja.

Da amalanken shanu biyu aka kai jirgin bakin ruwa, rabin gari na biye don su ga yadda zai nutse. Bai nutse ba. Ya zauna a kan ruwa daram, buhunan taki suka cika da iska, ya tafi a hankali kamar saniya mai ciki. Na yi guɗa har muryata ta dushe, ni kaɗai.

Ashe ƙera jirgi shi ne mai sauƙin. Wurin ɗaure shi ne ya kusa gagara. Ya fara zuwa tashar masunta, Sarkin Ruwa ya zagaya jirgin ya ce, "Kafinta, wannan motar taka ta ci wurin kwalekwale huɗu. Ba ni da wurin ba ka." Ya matsa gaba, masu noman rani suka ce da ruwa ya ja nan ne gonar albasarsu, ba za a zaunar musu da ɗaki a kai ba. Ya koma mashayar shanu, Fulani suka ce shanu na tsoron farin abin nan da ke kaɗawa. Ruwa iya ganinka, amma bakinsa kaf mai shi na tsaye a kai, kamar dai gonakinmu.

Daga ƙarshe ya sami wani ɗan lungu da ba kowa, ya kafa turke ya ɗaure. A nan ya yi kuskuren da har ya rasu in an tuna masa sai ya rufe fuska. Ɗaurin jaki ya yi masa. Mu nan an san jaki da gajeriyar igiya ake ɗaure shi don kada ya kai ga shukar maƙwabci, to haka Baba ya ja igiyar nan tam ya ƙulle a gindin turke, ya taho gida ɗaukar sauran kaya. Aka kwana biyu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Dam ya hau, jirgi na son hawa, igiya ta ce ba ka isa ba. Da muka je, hancinsa na cikin ruwa, bayansa a sama, NA DAWO na kallon gari. Tabarmarsa da buta suna yawo can tsakiya.

An yi dariyar da ba a taɓa yi ba a garin nan. Yaya ya zo gida yana huci, ya ce ya isa haka, a bar abin ya ƙarasa nutsewa. Baba ya koma bakin dam. Ya naɗe wando ya shiga ruwa da bokiti, ni ma na ɗaure zani na bi shi. Muna cikin kwarfa sai ga Sarkin Ruwa a kwalekwalensa, ya daɗe yana kallonmu, sannan ya zaro wuƙa ya datse igiyar. Hancin jirgin ya ɗago da kansa. Ya ce, "Kafinta, jirgi ba jaki ba ne. Ƙasar da yake tsaye a kai tana hawa tana sauka. In kana son sa, ba shi igiya." Baba ya ce, "Na karɓi karatu, Sarki."

A ranar ne ya faɗi abin da yake nema tun farko. Ya ce shi ba gaɓa yake so ba, tsakiya yake so, inda gidan ubansa yake. Sarkin Ruwa ya ce tsakiyar ruwa ta masu taru ce, ba a gadonta. Magana ta kai gaban dagaci. Na bi su na tsaya daga waje, ina jin komai ta taga. Dagaci ya ce, "Malam, ƙasar nan ruwa ya ci ta tun muna samari." Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ya ci ƙasa, ban musa ba. Amma ban ji ranar da aka ce ya ci ubana ba. Ni ba kifi nake nema ba, ba shuka zan yi ba. Inda aka binne cibiyata nake so in kwana." Sarkin Ruwa ya ce to, in ya isa ya nuna wurin a cikin wannan ruwa mai kama ɗaya, shi ya yarda.

Gwaggo ce ta nuna. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga kwalekwale ba, ta zauna a tsakiya ta riƙe gefe da hannu biyu tana salati, tana ba da umarni kamar direba. "Ku yi gabas. Kai, gabas na ce! Nan rijiyar unguwa ce. Ku miƙe." Can ta ce a tsaya, a nan tsamiyar ƙofar gidansu take. Aka zura gwangwala, ta daki itace. Masuntan suka dubi juna, don sun san wurin sarai: wani busasshen itace ne a ƙarƙashin ruwa da ya yaga musu taru ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, in ruwa ya cika ba mai iya gane inda yake. Sarkin Ruwa ya yi dariya ya ce, "Ashe tsamiyarku ce ke cin mana taru! To zauna a kanta, Kafinta. In mun hango sandarka mun san inda za mu kauce." Shi da kansa ya yi nutso ya zagaya sarƙa a jikin itacen, aka ɗaura igiya mai tsawo.

Damina uku Baba ya yi a gindin tsamiyar nan. In iska ta yi daɗi ya kwance ya zaga dam, ya je har ɗaya gaɓar ya sha hira da masu lambu, la'asar ta yi masa a turkensa. Ranar kasuwar Ɗanbatta yakan tsallako da matan ƙetare da kayan miyarsu, bai taɓa karɓar ko tumatir ɗaya ba. Kwalekwalen da ya tsage, a jikin jirginsa ake jingine shi ya gyara. Wata rana hadari ya taso da azahar ba shiri, kwalekwale shida suka ɗaure a jikinsa, mutum goma sha ɗaya a ɗakin da aka yi wa mutum biyu, har aka ɗauke. A kan gadon Inna kuwa bai bar kowa ya zauna ba, ko a ranar.

Nakan je masa duk Asabar. Ya yi ƙiba, rawar hannun ta ragu, yana ba kifaye ragowar tuwo yana yi musu faɗa. Wata rana ya nuna mini ruwan da ke gabas da mu ya ce, "Nan zaure, nan rumbuna, can ciki ɗakin Iya, kusa da shi na uwarki." Na ce, "To Baba, me ya sa ba za ka matsa ciki ba, ka tsaya a waje?" Ya ce, "Uwata, nan ƙofar gida ce. Wanda ya yi kwana goma sha ɗaya bai zo ba, ba ya faɗawa gida kai tsaye. Na yi sallama. Sai matar gida ta amsa."

Duk Juma'a yakan fito ya yi salla, ya zo ya ci tuwon Inna. In ya wanke hannu zai tashi sai ya ce, "Yau fa?" Ta ce, "Ba yau ba." Haka suka yi ta yi, ba fushi, ba ƙari. Amma kullum da hantsi akwai kwanon fura da ke bin masu kai kifi zuwa tsakiyar ruwa, kuma ba ni nake damawa ba. Na taɓa yi mata tsiya a kai, ta ce in kama bakina, sadaka take yi.

A daminar da ta wuce ciwon ƙirji ya kama shi. Masunta suka ga hantsi ya yi bai ɗaga buhunansa ba, suka je suka same shi zaune yana numfashi da ƙyar, suka kawo shi gida. Kwana biyu ya yi a ɗakin Inna, ita ke ba shi ruwa a cokali. Da safen da zai cika an kwana ana ruwa, ya saurari yadda indararo ke zuba, ya kamo hannuna ya ce, "Uwata, dam zai hau. A ce wa Sarki ya ba shi igiya." Ya juya wajen Inna, bakinsa ya motsa. Ni ban ji abin da ya ce ba, amma na ji ta ce, "Malam, ka yi shahada." Ya yi.

Wata huɗu da kwana goma Inna ta yi a ɗaki ba ta ce uffan a kan jirgin ba. Ni da Yaya kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya sa rana da mai shayi, washegarin fitar takaba. Na je na gaya wa Sarkin Ruwa, ya ce shi ba zai sa hannu a jawo jirgin ba, amma ba shi da ikon hana magaji. Na dawo ina kuka a hanya, kukan haushi, don na san in Yaya ya kafe ba ni da yadda zan yi.

Ranar fita, Inna ta yi wanka ta sa sabon zani. A al'ada gidajen 'yan'uwa ake fara zagawa a yi godiya, Gwaggo har ta jera gidajen da za a shiga. Inna ta ɗauki mayafi ta ce, "Bakin dam za ni." Ta dubi inda Yaya yake, ba ta kira sunansa ba, don ba ta taɓa kira ba, kunyar ɗan fari. Ta ce, "Kai ma taso."

Muka shiga kwalekwale. Sarkin Ruwa na tuƙi, Inna ta kafa ido a ruwan da ta yi rantsuwa ba za ta ƙara gani ba. Da muka isa ta hau ɗan tsanin nan ba tare da an riƙe ta ba. Ta sunkuya ta shiga ɗakin, ta dubi gadon, ta shafa kantar mai hawa uku ta ga ba ƙura, don ina sharewa. Ta daɗe a ciki. Da ta fito sai ta tsaya ta dubi gabas, ta dubi arewa, ta ce, "Nan ai ƙofar gida ce."

Na ce, "Ya sani, Inna. Cewa ya yi sai an amsa masa."

Ta ce, "Na san abin da ya ce. Duk Juma'a nake ji." Ta juya ga Sarkin Ruwa. "Sarki, igiyar nan tana da saura?"

Ya ce, "Da saura da yawa, Inna."

"To a ba shi."

Aka soma saki, iska na tura mu gabas a hankali. Inna na tsaye riƙe da sanda tana kallon gaɓa. Ta ce shekara biyu ta yi tana daka a ƙofar ɗakinta, kuma daga nan kukar can ta kan tudu tana rufe dutsen arewa, sai ɗan kansa ake gani. Muka zuba ido, kuka na matsowa, dutse na shigewa bayanta, har ya rage ɗan kai. Ta ce, "Tsaya. Nan ne."

Akwai tsohon kan injin mota da Baba ke jefawa ruwa in yana son tsayawa a wani wuri. Mai nauyi ne, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi da sauƙi. Inna ta dubi Yaya, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Ta ce, "A bayan ɗakin nan aka binne cibiyarka, ni na nuna wurin. Ka ga dama ka kai wa mai shayi. Amma kafin nan, ɗauki ƙarfen can ka shigar da ubanka gida."

Yaya ya matso. Sannan ya tuɓe hularsa ya ba ni, ya rungumi ƙarfen nan shi kaɗai, ya kai baki ya saki. Ruwa ya fantsamo mana, igiya ta bi shi har ta tsaya. Ya zauna a wurin ya kifa kai a gwiwa. Ba a ƙara maganar mai shayi ba, shi ne ma ya sayo kwalta da zafin bana ya bi gindin jirgin da hannunsa.

Inna ta koma ɗakin ta zauna a kan gadonta, ta jingina da bango, ta miƙe ƙafa kamar wadda ta dawo daga doguwar tafiya. Ta dubi gadon da ke gefe, wanda fensir ɗinsa ke kan matashi har yanzu. A hankali, yadda ake amsa wa wanda ya daɗe a tsaye a waje, ta ce, "Wa alaikumus salam, Malam. Shigo."

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kwana goma sha ɗayan nan da sauran kurakuransa, ya sa kabarinsa ya fi masa gindin tsamiya sanyi. Masu cewa tsufa bai zo masa da kyau ba, jirgin na nan inda Inna ta tsayar da shi, ana hango sandarsa daga kan titi. Kwallayenta uku suna kan kanta, ni na kai su washegari.